Yadda ake duba izinin fayil daga cikin manhaja a Linux, da inda kiran access yake ruɗin mutum

Wani ƙanena da yake koyon rubuta manhaja ya kira ni da daddare, muryarsa kaɗai ta nuna ransa a ɓace yake. Ya rubuta 'yar manhaja da harshen C wadda take karanta wani fayil ta fitar da rahoto. Idan ya kunna ta da hannunsa, lafiya lau. Da ya haɗa ta da sabar yanar gizo a kan Ubuntu sai ta tsaya cak, ba abin da take cewa sai "Permission denied". Kafin ya kira ni har ya riga ya buga `chmod 777` a kan fayil ɗin, wato ya buɗe shi ga kowa da kowa, amma ba ta sauya zani ba. "Yaya," in ji shi, "na ba da duk izinin da ake bayarwa, me kuma ya rage?"

Abin da muka bi a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, mataki bayan mataki, domin na lura da yawa daga masu koyo a wannan ramin suke faɗawa.

Da farko ka san wane ne yake tambaya

Linux ba ta tambayar ko fayil yana buɗuwa. Tambayarta ita ce, yana buɗuwa ga wa? Duk manhajar da take gudana tana ɗauke da lambar shaidar wani mai amfani da lambobin rukunonin da yake ciki. Buga `id` a allon umarni, za ka ga taka lambar, wadda a Ubuntu da Debian yawanci 1000 ce ga mutum na farko da aka buɗe wa asusu. Lambar root kuwa, wato babban mai iko a kan tsarin, 0 ce. Sabar Apache ko nginx a waɗannan tsare-tsaren da sunan `www-data` take aiki, mai lamba 33. Ka ga kenan manhajar ƙanena mutum biyu ce: da hannunsa ita ce shi, a ƙarƙashin sabar kuma baƙuwa ce da ba ta da gadon komai a foldarsa.

Sai ka duba fayil ɗin da `ls -l`. Za ka ga layi kamar haka:

```
-rw-r----- 1 root shadow 1284 /etc/shadow
```

Bayan alamar farko akwai haruffa 9, kashi uku. Ukun farko na mai fayil ne, na tsakiya na rukuni, na ƙarshe na sauran jama'a. `r` karatu ne kuma darajarsa 4, `w` rubutu mai daraja 2, `x` kunnawa mai daraja 1. Idan aka tara su ake samun lambobin da ka saba gani: 644, 755, 600. Layin da ke sama 640 ne.

Akwai wata ƙa'ida a nan da mutane ba su cika sani ba. Kashi ɗaya tak ake duba maka. Idan kai ne mai fayil, haruffan mai fayil kawai za a kalla, ko da rukuni da sauran jama'a sun fi ka dama. Gwada da kanka: ƙirƙiri fayil, ka buga masa `chmod 077`, sannan ka ce `cat` ya karanta shi. Za a hana ka, alhali kowa a kwamfutar yana iya karantawa. In ba kai ne mai shi ba sai a duba ko kana cikin rukuninsa, in kana ciki a nan aka tsaya. Sai wanda ba ya cikin biyun ake auna shi da kashin ƙarshe.

Sannan ka bi hanyar tun daga bakin ƙofa

Nan ne matsalar ƙanena take kwance. Ɗaki yana iya zama a buɗe wayam, amma in an kulle zaure, wa zai kai gare shi? A kan folda, ma'anar haruffan nan uku ta bambanta. `r` damar ganin jerin sunayen da ke ciki ce. `x` damar wucewa ta ciki ce. `w` tare da `x` su ne damar ƙirƙirar fayil, goge shi ko sauya masa suna. Domin a kai ga fayil, dole mai nema ya sami `x` a kan kowace folda tun daga `/` har zuwa ta ƙarshe. Guda ɗaya ta hana, magana ta ƙare.

Umarnin `namei -l` yana nuna maka hanyar duka a lokaci guda. Ga abin da ya fito mana:

```
f: /home/dalibi/aiki/bayanai.txt
drwxr-xr-x root   root   /
drwxr-xr-x root   root   home
drwxr-x--- dalibi dalibi dalibi
drwxrwxr-x dalibi dalibi aiki
-rwxrwxrwx dalibi dalibi bayanai.txt
```

Dubi layin foldar `dalibi`. Kashin sauran jama'a babu komai, sai alamar `-` guda uku. Tun daga Ubuntu 21.04 ake buɗe foldar gidan sabon mai amfani da izinin 750, saboda haka `www-data` ko leƙe ba za ta yi ba. Duk 777 ɗin da aka zuba wa fayil na ciki aikin banza ne, sai ma haɗarin da ya ƙaro.

Ka riƙe wannan ma: goge fayil ba ya bin izinin fayil ɗin, izinin foldar da yake ciki yake bi. Shi ya sa `/tmp` take da izinin 1777. Wannan 1 ɗin na farko, wanda `ls` yake nunawa da harafin `t`, shi yake hana wani goge fayil ɗin wani duk da kowa yana rubutu a wurin.

Yanzu tambaya daga cikin manhaja

Kiran da ake yi domin wannan aiki sunansa `access`. Tsoho ne, tun Unix bugu na 7 na shekarar 1979 yake, kuma yana cikin POSIX, ƙa'idojin da tsare-tsaren dangin Unix suke bi, don haka za ka same shi a Linux da macOS da FreeBSD da sauran danginsu. Yana cikin `unistd.h`. Abu biyu kake ba shi: hanyar fayil da irin damar da kake tambaya. `F_OK` tambayar ko fayil ɗin yana nan, `R_OK` karatu, `W_OK` rubutu, `X_OK` kunnawa. Rubuta wannan ka adana shi da sunan `duba.c`:

```c
#include <stdio.h>
#include <string.h>
#include <errno.h>
#include <unistd.h>

int main(int argc, char *argv[])
{
    if (argc != 2) {
        fprintf(stderr, "amfani: duba HANYAR_FAYIL\n");
        return 2;
    }
    if (access(argv[1], R_OK) == 0) {
        printf("an yarda a karanta\n");
        return 0;
    }
    int kuskure = errno;
    printf("an hana: %s, lamba %d\n", strerror(kuskure), kuskure);
    return 1;
}
```

Haɗa shi da `gcc -Wall -o /tmp/duba duba.c`. Da gangan na ce a ajiye shi a `/tmp`, domin nan gaba za mu kunna shi da sunan wani, kuma wancan ɗin ba zai iya shiga foldarka ya ɗauko shi ba.

Kula da amsar da kiran yake mayarwa: 0 yana nufin an yarda, -1 an hana. Wanda ya rubuta `if (access(hanya, R_OK))` yana zaton ya ce "idan an yarda", alhali akasin haka ya rubuta. Na sha ganin wannan kuskuren. Rubuta `== 0` ɗinka a fili. Idan kuma ka haɗa tambayoyi biyu, kamar `R_OK | W_OK`, sai an yarda da duka biyun za ka sami 0, kuma ba za a gaya maka wanne ne ya faɗi ba. In kana son sani, tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

Gwada shi sau uku. A kan `/etc/passwd` zai ce an yarda. A kan `/etc/shadow` zai ce an hana, lamba 13. A kan `/etc/babu-shi` zai ce an hana, lamba 2. Wannan lambar ita ce rabin amsar, kuma mai watsi da ita yana tafiya ne a cikin duhu. Lamba 13 ita ce `EACCES`, babu izini, ko a kan fayil ɗin ko a kan wata folda a hanya. Lamba 2 `ENOENT` ce, babu fayil ɗin ko babu wata folda a hanyarsa. `ENOTDIR` tana nufin wani abu a tsakiyar hanya da ka ɗauka folda ne ashe fayil ne. `EROFS`, lamba 30, tana fitowa idan ka tambayi rubutu a kan faifan da aka ɗaura don karatu kawai. Wannan ta ƙarshe ko root ba ya tsallake ta, kuma babu `chmod` da zai gyara ta. Na kwashe `errno`, inda tsarin yake ajiye lambar kuskuren, zuwa wani wuri tun kafin in kira `printf` ne saboda duk kiran da ya biyo baya yana iya sauya ta.

A kan `F_OK` akwai tarko biyu. Idan ya mayar da -1, kada ka yanke hukuncin cewa babu fayil sai ka ga `ENOENT`. In `EACCES` ce, mai yiwuwa fayil ɗin yana nan daram, hanya ce aka tare maka. Na biyu, `access` yana bin fayil ɗan nuni, irin wanda ake yi da `ln -s`, har zuwa inda yake nunawa. Idan an goge na can, za ka sami `ENOENT` duk da kana ganin sunan da idonka a cikin `ls`.

Yanzu sai gwajin da ya warware mana zancen, wato yin tambaya da bakin wanda abin ya shafa:

```
sudo -u www-data /tmp/duba /home/dalibi/aiki/bayanai.txt
```

An hana, lamba 13. Ƙanena ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe ni nake ta tambayar kaina."

Kada ka yi gwajin izini da `sudo` tsagwaronsa. Root yana karanta komai yana rubuta komai ba tare da an kalli haruffan nan ba, don haka amsarsa ba ta gaya maka halin da talakan mai amfani yake ciki. Inda kawai haruffan suke tsayar da shi a Linux shi ne `X_OK` a kan fayil: sai akwai `x` aƙalla guda ɗaya a cikin kashin uku.

Wani zai ce, me zai hana in kira `stat` in karanto haruffan in yi lissafin da kaina? Ina ba ka shawara ka bari. Haruffa 9 ba su ne duka labarin ba. Idan ka ga alamar `+` a ƙarshen izinin a `ls -l`, akwai ƙarin jerin izini na musamman, `getfacl` ne zai nuna maka shi. Idan an kafe fayil da `chattr +i`, ko root ba ya rubutu a cikinsa, sai `lsattr` ya tona. Akwai faifan da aka ɗaura da `noexec`, akwai ƙarin matakan tsaro irin su SELinux a Fedora da Red Hat da AppArmor a Ubuntu. Lissafinka ba zai kamo duk waɗannan ba. Bar wa zuciyar tsarin, wato kernel, ta yi hukuncinta.

Shaidar asali da rigar aro

Ga abin da ya sa aka ƙirƙiri `access` tun farko, kuma wanda bai fahimci wannan ba bai san kiran ba tukuna. Buga `ls -l /usr/bin/passwd`. Za ka ga `-rwsr-xr-x`, da `s` a inda ka saba ganin `x`. Wannan alamar setuid ce, dabarar Dennis Ritchie na Bell Labs. Ma'anarta, duk wanda ya kunna manhajar, za ta yi aiki ne da ikon mai ita, a nan root. Da haka ne kake iya sauya kalmar sirrinka, wadda take cikin `/etc/shadow`, fayil ɗin da ɗazu aka hana ka ko karantawa.

Irin wannan manhaja shaida biyu gare ta. Akwai ta asali, wato kai da ka kunna ta, wadda `getuid` yake bayarwa. Akwai ta aiki, rigar da aka ara mata, wadda `geteuid` yake bayarwa. Kiran `open` da rigar aro yake aiki. Shi kuwa `access` shaidar asali yake dubawa. Tambayarsa ita ce: mutumin da ya kunna ni, shi da kansa ba da rigata ba, yana da wannan damar? A manhaja ta yau da kullum shaidun biyu ɗaya ne, ba za ka ga bambanci ba.

Idan shaidar aiki kake son a duba, yi amfani da `faccessat`, wanda ya shigo POSIX a bugun 2008 kuma yake buƙatar `fcntl.h`:

```c
faccessat(AT_FDCWD, hanya, R_OK, AT_EACCESS)
```

`AT_FDCWD` yana cewa a fara lissafin hanya daga foldar da kake tsaye, `AT_EACCESS` kuma a duba da shaidar aiki. A Linux, asalin kiran na cikin zuciyar tsarin bai karɓar wannan hujja ta huɗu, ɗakin karatun glibc ne yake kwaikwayon aikin, kuma kwaikwayon ba ya la'akari da jerin izini na musamman. Sai a Linux 5.8, shekarar 2020, aka ƙara `faccessat2` wanda ya gyara wannan. In sabarka tsohuwa ce, ka san da haka.

Inda haɗarin yake

Wannan sashen shi ne dalilin da ya sa na zauna na rubuta duk abin nan. Dubi waɗannan layuka, ka ɗauka suna cikin manhaja mai rigar root:

```c
if (access(hanya, W_OK) == 0) {
    fd = open(hanya, O_WRONLY);
}
```

A ido babu aibi: an duba, an ga mutumin yana da dama, an buɗe. Amma tsakanin layi na farko da na biyu akwai tazara, ko da ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma a cikin tazarar nan tsarin yana iya ba wata manhaja dama ta yi nata aikin. Mugu zai ajiye fayil nasa na kansa, `access` ya duba ya ce an yarda. Kafin a kai ga `open` sai ya goge shi ya maye gurbinsa da ɗan nuni mai kallon `/etc/shadow`. `open` yana sanye da rigar root, ba zai tambayi kowa ba, zai buɗe. Maigadi ya duba fuskar mutum ɗaya, wani daban ne ya shige.

Kada ka ce ai da wuya a dace da wannan ɗan lokacin. Mugun ba da hannu zai yi ba. Zai rubuta madauki mai sauya fayil ɗin dubban lokuta, ya bar shi yana juyawa, sau ɗaya kawai yake buƙatar ya dace. An ga irin wannan a zahiri a manhajar xterm a shekarar 1993, ta hanyar fayil ɗin da take rubuta tarihin aiki a ciki, kuma Matt Bishop da Michael Dilger sun yi nazarin wannan nau'in rauni a 1996. Shafin jagorar `access` na Linux, wanda za ka buɗe da `man 2 access`, shi kansa yana gargaɗi a kan haka.

Maganin ba wani sabon kira ba ne. Ka daina raba dubawa da buɗewa. `open` da kansa yana duba izini a daidai lokacin da yake buɗewa, babu tazarar da wani zai kutsa. Buɗe kawai, ka saurari abin da zai ce:

```c
int fd = open(hanya, O_RDONLY);
if (fd == -1) {
    if (errno == EACCES)
        fprintf(stderr, "babu izinin karanta %s\n", hanya);
    else if (errno == ENOENT)
        fprintf(stderr, "ba a sami %s ba\n", hanya);
    else
        perror(hanya);
    return 1;
}
```

Idan manhajar mai rigar aro ce, tuɓe rigar kafin ka buɗe. Adana abin da `geteuid` ya bayar, kira `seteuid(getuid())`, yi `open` ɗinka da shaidar mutumin, sannan ka mayar da rigar in har kana da sauran buƙatarta. Duba amsar kowane `seteuid`. In tuɓewar ta gaza kuma ka ci gaba, da ikon root kake buɗewa ba ka sani ba, don haka a nan tsayawa ake yi gaba ɗaya. In akwai rigar rukuni, ita ma a tuɓe ta da `setegid`.

Wajen ƙirƙirar sabon fayil ma haka abin yake. Kada ka tambayi `F_OK` sannan ka ƙirƙira. Ka ce `open(hanya, O_WRONLY | O_CREAT | O_EXCL, 0600)`. In akwai wani abu da wannan sunan, ko da ɗan nuni ne, za a mayar maka da `EEXIST`. `O_NOFOLLOW` kuma yana ƙin bin ɗan nuni, amma a gaɓar ƙarshe ta hanyar kaɗai, ban da foldojin tsakiya. Da zarar ka buɗe, duk wani bincike ka yi shi da `fstat` a kan lambar da `open` ya ba ka, kada ka koma ga sunan. Suna yana iya komawa kan wani fayil, abin da ka riga ka riƙe a hannu ba ya sauyawa.

To ina amfanin `access` kenan? Yana nan, a inda amsarsa shawara ce ba hukunci ba. Manhaja mai dogon aiki tana iya dubawa tun farko ta gaya wa mutum cewa ba za ta iya ajiye sakamako a wannan foldar ba, maimakon ya jira awa biyu sannan ya ji. Manhaja mai maɓallai tana iya dusashe maɓallin adanawa. Haka nan bincike irin wanda muka yi da `duba`. Ko a waɗannan wuraren, sai ka sake kula da kuskuren `open` idan lokacinsa ya zo.

Masu Python, naku `os.access(hanya, os.R_OK)` ne, kuma duk abin da na faɗa ya hau kansa. Ƙari ma, True ko False kawai yake bayarwa, ba ya faɗin dalili. Tun daga Python 3.3 ana iya ƙara `effective_ids=True` a tsarin da yake goyon bayan haka. Hanyar da ta fi ita ce `open` a cikin `try`, a kama `PermissionError` da `FileNotFoundError` kowanne daban. A Windows akwai `_access` a cikin `io.h`, amma sunan ne ya yi kama. Ba shi da tambayar kunnawa, kuma alamar karatu-kawai ta fayil yake kallo, ba ya shiga jerin izinin NTFS, tsarin adana fayil na Windows, inda ainihin hukuncin yake.

In manhajar ba taka ba ce kuma ba ka san fayil ɗin da take nema ba, `strace` zai nuna maka:

```
strace -e trace=access,faccessat,openat ./manhaja
```

Kusan kullum za ka ga layin neman `/etc/ld.so.preload` ya ƙare da `ENOENT` a can sama. Wannan ba matsala ba ce, haka yawancin manhajoji suke farawa. Layin da ya ƙare da `EACCES` shi kake nema.

Mu dai a daren nan ba mu taɓa foldar gidan ƙanena ba, domin buɗe ta yana nufin sabar ta sami hanyar zuwa sauran kayansa. Mun buɗe sabuwar folda `/srv/rahoto`, muka mayar da fayil ɗin can. Muka buga `sudo chown -R dalibi:www-data /srv/rahoto`, muka ba foldar 750, fayil ɗin kuma muka sauko da shi daga 777 zuwa 640: shi yana rubutu, sabar tana karatu, sauran jama'a babu ruwansu. Ya sake kunna `duba` da sunan `www-data`, ya karanto mini ta waya, "an yarda a karanta". Daga nan ya buɗe `rahoto.c` ya goge layin `access` da ya sa a gaban `open`, ya rubuta saƙon kuskure da Hausa a madadinsa.